Yadda A Ke Cika Fangali Mai Tudu Da Ƙasa Mai Kyau

Kowane yaro da ya tashi a cikin birnin Zariya ya san fili ya yi wuya a zamanin nan. Tsofaffi sun ce a da akwai gonaki masu yawa a cikin ganuwa, har mutum ya kan yi nomansa ya girbe bai fita ƙofar gari ba. Yanzu kuwa gidaje sun cinye yawancin gonakin nan. Amma fa tukunyar miya ba ta san fili ya ƙare ba. Kullum sai an nemi alayyafo, da kuɓewa, da tumatir, da albasa, kullum kuwa sai an kai kuɗi kasuwa. Ran da babu kuɗin sai a sha miya lami, yara kuma su rasa ganyen da jikinsu ya ke bukata don su girma da lafiya.

To, akwai dabarar da ɗan makaranta zai yi ya taimaki gidansu. Ita ce ya yi fangali mai tudu a wani lungu na tsakar gida, ko kuwa a bayan ajinsu. A cikin wannan darasi za mu koyi yadda a ke cika irin wannan fangali da ƙasa mai kyau ba tare da an kashe kuɗi mai yawa ba. Abin da na ke so ku riƙe tun daga farko shi ne wannan: ƙasa mai kyau haɗa ta a ke yi, kayan haɗin kuwa yawancinsu suna cikin abin da mu ke sharewa mu zubar kowace safiya.

Mene Ne Fangali Mai Tudu?

Waɗanda suka taɓa zuwa lambunan bakin Galma ko na Kubanni da rani sun ga fangali. Mai lambu ya kan yanka ƙasarsa gida-gida, ya ta da baki kewaye da kowane gida, cikin ya zama kwari, don ruwan da ya ba shuka ya tsaya ya nitse. Wannan shi ne fangalin rani. Fangali mai tudu kuwa akasinsa ne. A kan jera duwatsu ko bulo bisa ƙasa, a yi kamar akwati marar gindi, sa'an nan a cika shi, har wurin da shuka za ta tsaya ya fi tsakar gida tudu.

Dalili uku ne suka sa a ke yin haka. Na fari, ruwa. Ruwan saman da a ke samu a ƙasar Zariya a shekara ya kai wajen milimita 1,000. Watau da zai tsaya wuri ɗaya, bai gudu ba, bai nitse ba, da zurfinsa ya kai mita guda. Kusan dukansa yana sauka ne tsakanin watan Mayu da na Oktoba, ya fi kuma yawa a watan Agusta. A lokacin nan tsakar gida ta kan yi ta kwana da ruwa. Saiwar shuka kuwa tana numfashi kamar yadda mu ke yi. In ruwa ya rufe ta kwana da kwanaki sai ta ruɓe, shukar ta yi rawaya ta mutu. Amma in tana bisa tudu, ruwan ya kan tsiyaye ya bar ta.

Na biyu, ƙasar tsakar gida ta sha taki da ƙafa shekara da shekaru, har ta yi tauri kamar daɓe. Saiwa ba ta iya ratsa ta. Na uku, wanda ya fi duka, a fangali mai tudu kai ne za ka zaɓi ƙasar da shukarka za ta ci.

Bari Mu Yi Lissafi

A ce tsawon fangalinmu mita 2, faɗinsa mita 1, tsayinsa kuma santimita 50. Kada faɗin ya wuce mita guda, don hannu ya iya kaiwa tsakiya daga kowane gefe ba sai an taka ciki ba. Fangali mai wannan girma yana cin lita 1,000. Babban bokitin fenti, irin wanda a ke ɗiban ruwa da shi, yana cin lita 20. In kun raba 1,000 da 20 za ku sami 50. Ashe ke nan sai mun sami abin da zai cika bokiti 50 kafin fangalin ya cika.

Nan ne wahalar ta ke. Mai kuɗi ya kan sa a kawo masa baƙar ƙasa a mota, ya biya kuɗin ƙasa, ya biya na mota, ya biya na masu lodi, bai kuwa san inda aka ɗebo ta ba. Marar kuɗi kuma ya kan kwashi duk ƙasar da ya tarar kusa ya zuba.

Na taɓa zuwa duba wata makaranta, na tarar 'yan aji biyar sun yi fangula biyu masu kyaun gani. An haƙa rijiya kusa da makarantar, sai suka kwaso jar ƙasar da aka fitar daga cikinta suka cika su. Da suka ga ba ta da baƙi, sai suka samo ɗanyen kashin kaji suka zuba da yawa, suka shuka alayyafo a ranar. Yaran nan sun yi kwana uku suna jido, amma tsiron da ya fito ƙalilan ne, shi ma bai yi mako biyu ba ya ƙone. Har waɗansu suka ce wai wurin ne ba shi da albarka. Wurin ba shi da laifi. Kuskure biyu suka yi: sun ɗebo ƙasar ƙarƙashi wadda ba ta da abinci, sun kuma sa takin da bai ruɓe ba. Da shekara ta kewayo suka bi hanyar da zan gaya muku, a wurin nan dai, har suka sami alayyafon da kowa ya kai gida.

Wace Ƙasa Ce Mai Kyau?

In ka ɗibi ƙasa mai kyau a hannunka, za ka ga launinta ya yi duhu, tana warwarewa kamar dambu, tana kuma ƙanshi irin na ranar da aka yi ruwan fari. Abu huɗu ne a cikinta. Akwai ƙwayoyin ƙasa kansu, watau yashi da laka. Akwai ruɓaɓɓen ganye da kashin dabbobi, su ne ke ba ta baƙi. Akwai ruwa. Akwai kuma iska a 'yan ƙofofin da ke tsakanin ƙwayoyin.

Ban da waɗannan, ƙasa mai kyau tana da rai. Kun san tana, wadda ke huda ƙasa tana buɗe wa iska hanya. Akwai kuma waɗansu halittu ƙanana ƙwarai, ido ba ya ganinsu sai da madubin likita. A cikin cokali guda na ƙasa mai kyau akwai miliyoyinsu. Su ne ke cin mataccen ganye su mai da shi abincin da saiwa za ta iya sha. In babu ruɓaɓɓen abu a ƙasa, su ma ba su da abinci, sai ƙasar ta mutu.

A Samaru, arewa maso yamma da birni, akwai wurin binciken aikin gona da aka kafa tun 1922, aka kuma haɗa shi da Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Masanan da suka auna ƙasar wannan yanki sun nuna ruɓaɓɓen abu ya yi mata kaɗan, domin zafin ƙasarmu yana cinye shi da sauri. Har wa yau ƙasar saman tana da gari mai laushi da yawa, irin wanda iskar hunturu ta yi ta kawowa tun zamanin da. In ruwa ya buge ta, rana ta fito, sai ta yi ɓawo a sama, tsiro ya kasa fasa shi. Maganin abu biyun nan ɗaya ne, ruɓaɓɓen taki.

Ga yadda za ku gane irin ƙasar da ku ke da ita. Ku ɗibi kaɗan ku jiƙa, ku murza a tafin hannu. In ta ƙi dunƙulewa, jigawa ce, ruwa ba ya zama a cikinta. In ta dunƙule har ta yi tsawo kamar igiya, aka lanƙwasa ta ba ta karye ba, laka ce, ruwa ba ya fita daga cikinta. In ta dunƙule, amma da an lanƙwasa sai ta karye, to, ita ce ta tsakiya, ita mu ke nema.

Inda Ba A Ɗiban Ƙasa

Tun zamanin kakanninmu manoma su kan kwashi takin gari a mangala, jakuna su kai gona. A lokacin nan abin da ke juji bai wuce toka, da shara, da kashin awaki ba. Jujin yanzu kuwa ya sake. Akwai leda, da fasasshiyar kwalba, da tsohon batir, da allurar da aka yi wa marar lafiya. Saboda haka ba kowace baƙar ƙasa ce mai lafiya ba.

Kada ku ɗebi ƙasa daga jujin unguwa, ko daga bakin kwata, ko daga kududdufin da ruwan ƙazanta ke gangarawa ciki. Kada ku ɗeba kusa da masai. Kada ku ɗeba a wurin makanikai inda baƙin mai ya zuba, ko inda a ke fasa batirin mota, ko inda a ke ƙona taya, ko a majema, ko a marina. Batirin mota yana da dalma a ciki, dalma kuwa guba ce. Ba ta ruɓewa, ba ta da wari, ido kuma ba ya ganinta in ta shiga ƙasa.

Don ku san ba wasa ba ne, a shekarar 2010 yara fiye da 400 suka rasu a waɗansu ƙauyuka na Jihar Zamfara. An riƙa niƙa duwatsun zinariya a cikin gidaje, ashe duwatsun suna da dalma. Ƙurar ta bi ƙasar tsakar gida, ƙananan yara suna wasa da ita suna kai hannu baki. Kafin a shawo kan abin sai da aka kankare ƙasar saman gidajen aka kwashe, aka kawo wata mai tsabta aka zuba. Kun ga ke nan ƙasa tana iya ciyad da mutum, tana kuma iya cutad da shi. Rigakafi ya fi magani.

Akwai wuri guda kuma da ba a taɓawa, ko da ƙasarsa ba ta da guba, shi ne ganuwa. Mutanen da ne suka gina ta da hannunsu, abin da ya rage nata kuwa gādon dukan Zage-zagi ne. Kowane bokiti da aka ɗiba daga jikinta ba ya komowa.

To, ina za a samu? A kankari ƙasar saman wurin da za a kafa fangalin, da ta hanyar da za ta kewaye shi, in wurin mai tsabta ne. A ɗebi ta gindin itatuwa inda ganye ya daɗe yana zuba. Wanda iyayensa ke da gona a bayan Ƙofar Gayan, ko Ƙofar Kuyambana, ko wata ƙofa, ya roƙa a ba shi buhu biyu ko uku. Ta sama kaɗai a ke ɗiba, zurfin tsawon tafin hannu. Kada kuwa a ɗiba a gonar wani sai da izninsa.

Yadda A Ke Yin Ruɓaɓɓen Taki

Wani masanin aikin gona mutumin Ingila, Albert Howard, ya yi aiki a garin Indor na ƙasar Indiya daga 1924 zuwa 1931. Ya lura da yadda manoma ke mai da shara taki, ya gwada, ya tsara hanyar jera kayan hawa-hawa, har ta bazu a ƙasashe da yawa. Kusan irinta ce za mu bi.

Kayan iri biyu ne, busassu da ɗanyu. Busassu su ne ganyen rimi, da na mangwaro, da na darbejiya da suka zuba, da karan dawa ko na masara da aka sassare ƙanana, da ɓawon gyaɗa, da ragowar harawar da dabbobi suka tattake. Ɗanyu su ne ɗanyar ciyawa, da ɓawon doya da na dankali, da ragowar ganyen miya, da kashin awaki, da na tumaki, da na shanu, da na kaji. Birnin Zariya kuma gari ne na dawaki. In akwai barga a unguwarku, ku gai da mai ita da ladabi ku roƙi sharar turke. Haka nan bayan Babbar Salla, a kan sami taki mai yawa inda aka ɗaure ragunan layya.

Abin da ba a sawa shi ne kashin mutum, da na kare, da na kyanwa, domin suna ɗauke da cuta. Ba a sa nama, ko ƙashi, ko mai, don kada su jawo ɓeraye. Ba a sa leda, ko ƙarfe, ko kwalba. Ba a sa ƙiri-ƙiri da aya-aya, domin saiwarsu ba ta mutuwa da sauƙi, za su tsiro su cika fangali. Shukar da cuta ta kashe kuwa ƙona ta a ke yi.

A nemi inuwa. A shimfiɗa busassun kaya, kaurin tsawon tafin hannu. A ɗora ɗanyu, rabin wannan kauri. A barbaɗa ƙasa kaɗan, da tokar itace cikin hannu guda, kana a yayyafa ruwa. A sake jerawa haka, busasshe, ɗanye, ƙasa, toka, ruwa, har tarin ya kai mita guda a tsayi, mita guda a tsawo, mita guda a faɗi. In bai kai haka ba, ba zai yi zafi sosai ba. Sa'an nan a rufe shi da tsohuwar tabarma ko buhu.

Ku lura da toka. Kamar kanwa ta ke a miya, kaɗan gyara, da yawa ɓarna. Tokar itace ko ta kara kaɗai a ke sawa, ban da wadda aka ƙona leda a ciki. Ku lura da ruwa kuma. In kun damƙi takin kun matse, ya kamata ya dunƙule, hannu ya yi danshi, amma ruwa bai ɗiga ba. Ba sai an sayi ruwa ba. Ƙasari, da ruwan wankin shinkafa, da ruwan alwala da aka tara a kwano duk suna yi, muddin babu sabulu a ciki.

A soka sanda a tsakiyar tarin a bar ta. Bayan kwana uku ko huɗu a zare a taɓa, za a ji ta yi ɗumi. Ƙananan halittun nan ne suka kama aiki. Zafin cikin tarin ya kan kai digiri 55 zuwa 65, alhali na jikin mutum mai lafiya digiri 37 ne. Wannan zafi shi ke kashe yawancin ƙwayoyin cuta, da ƙwan tsutsar ciki, da irin ciyawa. In sandar ta fito da sanyi a bushe, a ƙara ruwa. In tarin yana ɗoyi, ruwa ya yi yawa, a ƙara busasshen ganye.

Bayan kowane mako biyu ko uku a juya tarin, na waje ya koma ciki, na ciki ya fito waje. A yi juyin da shebur ko manjagara, kada a cusa hannu, domin kunama tana son irin wurin nan. A sa takalmi, in an gama kuma a wanke hannu da sabulu. Cikin wata biyu zuwa uku tarin zai ragu ya koma rabi, ko ƙasa da haka. In ya yi baƙi, ya huce, ba a kuma iya rarrabe ganye da kashin akuya, to, ya nuna.

Yadda A Ke Cika Fangalin

A zaɓi wurin da rana ke samu aƙalla rabin yini. A bar taki biyu tsakaninsa da katangar ƙasa, don kada danshi ya ci gindin katanga, kada kuma gara ta sami hanyar shiga ɗaki. A yi bangon da fasassun bulo, ko da duwatsun marmara. Katako yana da tsada, gara kuma ba ta barinsa. Sa'an nan a bi matakan nan.

1. A sassare ƙasar da ke cikin akwatin da diga ko fartanya, zurfin tsawon tafin hannu, don ruwa ya sami hanyar nitsewa.

2. A zuba kara, da ƙirare, da totuwar masara, da busasshen ganye, a tattake sosai, har kaurinsu ya kai santimita 20. Wannan ya tsaya a madadin bokiti 20, ba a kuwa kashe ko kwabo ba. A barbaɗa kashin awaki kaɗan bisa, a jiƙa da ruwa. Yawancin saiwar kayan miya tana cin abincinta ne a ƙasar sama, saboda haka asara ce a zuba ƙasa mai kyau har gindi. Kayan nan za su riƙa ruɓewa sannu a hankali su zama taki. Ko gara ta shiga cikinsu kada ku damu ƙwarai, busasshen kara ta fi so, tana kuma mai da shi ƙasa.

3. Saura santimita 30, watau bokiti 30. A auna ƙasar sama bokiti 15, ruɓaɓɓen taki bokiti 10, yashi mai tsabta ko ɓuntun shinkafa bokiti 5. Watau uku, biyu, ɗaya. In ƙasarku jigawa ce, a bar yashin, a cika gurbinsa da ƙasa da taki. A zube su a fili a gauraya sarai, kamar yadda magina ke haɗa siminti da yashi, a tsince duwatsu da leda, kana a zuba a fangali.

4. A baje saman, kada a tattake. A ba shi ruwa har ya ƙoshi, a rufe da busasshiyar ciyawa, a bar shi mako biyu. Za ku ga ya lotsa. Wannan ba laifi ba ne, sai a ƙara haɗin a cike.

Kafin ku zuba irinku duka, ku yi gwaji. Ku ɗibi ƙasar a gwangwanin da aka huda gindinsa, ku shuka ƙwayar wake goma masu kyau. In takwas ko fiye suka tsiro cikin mako guda, ganyensu kore shar, ƙasar ta yi. In suka ƙi fitowa, ko bakin ganyen ya ƙone, takin bai gama ruɓewa ba, sai a ƙara haƙuri mako biyu. Sannu ba ta hana zuwa.

Watakila wani zai ce, me zai hana a sayi takin zamani a huta? Haruffan N, P, K da ku ke gani a jikin buhunsa sunayen abinci uku ne da shuka ta fi bukata. Na farko yana sa ganye, na biyu yana ƙarfafa saiwa, na uku yana taimakon 'ya'ya da lafiyar shuka. Yana da amfani ƙwarai a gona. Amma ba ya sa ƙasa ta yi laushi, ba ya sa ta riƙe ruwa, ba ya kuma ciyad da tana. Ruɓaɓɓen taki yana da abincin nan uku, ko da ya ke kaɗan-kaɗan, yana kuma yin sauran ayyukan. A ɗan fangali irin namu shi kaɗai ya isa.

Yadda A Ke Kiyaye Shi

Kada kowa ya taka cikin fangali. Kada a bar ƙasarsa tsirara, kullum a rufe tsakanin shuke-shuke da busasshiyar ciyawa, don ruwan sama kada ya yi mata ɓawo, iskar hunturu kuma kada ta busad da ita. A kewaye shi da kara ko ƙaya saboda kaji da awaki. Duk sa'ad da aka cire shuka za a sa wata, a ƙara ruɓaɓɓen taki bokiti biyu ko uku. A riƙa sauya shuka. In an yi tumatir ko tattasai a wannan karo, a bi da alayyafo ko albasa, sa'an nan a sa wake, domin saiwar wake tana da waɗansu ƙulle-ƙulle da ke ƙara wa ƙasa abincin ganye.

Aikin nan yana da lokacinsa. Da kaka, a watan Nuwamba da Disamba, a tara kara da ganye, maimakon a cinna musu wuta. A watan Janairu a jera tarin taki. A watan Afrilu ya nuna, a cika fangali. Da ruwa ya zauna sai shuka. Alayyafo ba ya wuce mako huɗu ko biyar a fara yanka.

Bokiti 50 ya yi wa yaro ɗaya yawa, gama hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Amma in ajinku yana da yara 50, kowa ya kawo bokiti guda, wannan ganye, wannan kashin awaki, wancan ƙasar gonarsu, aikin ya ƙare a yini ɗaya. Wanda ya koya a makaranta kuma sai ya je ya yi a gida. Ran da mahaifiyarku ta ce babu kuɗin cefane, ku fita tsakar gida ku yanko mata alayyafo, a ranar za ku san amfanin wannan darasi.

Tambayoyi

1. Mene ne bambancin fangalin rani da fangali mai tudu?
2. Waɗanne kurakurai biyu 'yan aji biyar suka yi?
3. Faɗi wurare biyar da ba a ɗiban ƙasar shuka. Me ya sa?
4. Yaya a ke gane taki ya nuna?
5. In tsawon fangali mita 4 ne, faɗinsa mita 1, tsayinsa santimita 50, bokiti nawa zai ci? Nawa ne na kara, nawa na ƙasa, nawa na taki, nawa na yashi?

Aiki

Kowa ya kawo ƙasa cikin hannu guda daga gidansu. Ku jiƙa ku murza a gaban malam, ku rubuta a littafinku ko jigawa ce, ko laka, ko ta tsakiya.